An Bar Shuruƙ a Kom Ombo

Shuruƙ ta banka ƙofar ƙarshe da gudu, ta ɗaga ƙafa za ta taka...

Babu jirgi.

Ruwa ne kawai, baƙi ƙirin, yana murɗawa a ƙarƙashin takalminta.

"Wayyo Allah na!"

Wani ma'aikaci ya fizgo ta ta baya, ta faɗi zaune daɓas.

"Baiwar Allah! Kashe kanki za ki yi?"

"Ina jirginmu? Nan yake! Wallahi nan muka bar shi!"

"Mai shuɗin rufi? Ai ga shi can."

Ta bi yatsansa da kallo. Can tsakiyar kogin Nilu jirgin ya juya mata baya ya nufi Aswan, kiɗa na tashi a samansa, mutane na kwance suna shan ranar la'asar. A cikinsa wayarta take, jone da caji. A cikinsa jakarta take, da katin shaidarta, da ƙawarta Basant. Abin da ya rage a jikinta sai ɗan awarwaron robar da aka ɗaura mata ranar shiga, shaidar an biya mata ci da sha da wurin kwana. A jirgin da ya tafi.

Ba tafiyar jirgin ce ta kaɗa mata hanta ba, inda aka bar ta ne.

Basant ce ta haɗa tafiyar. Sanyin garinsu Tanta ya yi tsanani, ruwan sama ba dare ba rana, ga Shuruƙ ta rame ta zama sai idanu tun da babanta, Hajji Ra'afat, ya kori maganar aurenta da Fikri.

"Ba zan ba da 'yata ga ɗan jirgi ba," haka ya ce. "Rabin shekara yana kan ruwa, ga gidansu can ƙarshen duniya."

Nisa ya ambata, amma kowa a gidan ya san da Fikri ba Banube ba ne, ɗan wata ƙabila ta kudancin ƙasar, da nisan ya ragu.

"Tashi mu je mu sha rana, Shushu," in ji Basant. "Ba girki, ba wanke-wanke. Ki ci, ki kwanta, ki tashi, ki ƙara ci!"

Hajji ya yarda, amma sai da ya sa ta ɗora hannunta a kan nasa ta yi alkawari: ko a hanya ta ga Fikri, ba magana. Hajji kuwa ba mai faɗa ba ne, ina ma mai faɗa ne. In ya cire mutum daga ransa, ya cire ke nan. Ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ta auri wanda bai so ba, har ta koma ga Allah bai ƙara ambaton sunanta ba.

Suna shiga jirgi a Luksor sai ga Wa'il da akwati da baƙin tabarau. Ɗan ƙanin babanta ne, wanda Hajji ya daɗe yana yi wa sha'awarta.

"Kai! Ku ma wannan jirgin? Ikon Allah!"

Basant ta ce, "Ikon Allah ko ikon gulma?"

Duk da haka hutun ya yi daɗi, har Shuruƙ ta fara dariya. Sai yau da suka tsaya a Kom Ombo, garinsu Fikri. Gaɓar ba ta ɗaukar jiragen duka, don haka jerawa suke gefe da gefe, mai son sauka sai ya ratsa ta falon maƙwabta. Nasu ne na can waje, na bakin gaɓa kuwa Bint Dahab, jirgin da Fikri yake kula da injinsa. Da za su fita ta ratsa shi kai a sunkuye. Da suka dawo, Basant ta riga su yin gaba tana riƙe da ciki, don abin da ta yi wa teburin abincin rana ba a yi wa maƙiyi.

Ga Fikri tsaye a falon, da kayan aiki, hannunsa duk baƙin mai.

Wa'il ya rage murya.

"Na san ba ni kike so ba, 'yar baffa. Je ki yi masa sallamar ƙarshe, ba wanda zai ji. Kawo katinki in riƙe miki, ina jiranki a ƙofarmu."

Duk mai sauka yawo ana miƙa masa ɗan kati a bakin ƙofa, in ya dawo ya mayar. Katuna suka cika, mutane sun cika ke nan, ba mai duba fuska.

Ta miƙa masa. Har godiya ta yi masa!

Yanzu tana zaune a ƙasa a jirgin mutane, ta gane wa ya cika katunan.

Ta tashi ta koma Bint Dahab. Fikri na ganin fuskarta ya saki tsumman da ke hannunsa.

"Shuruƙ? Lafiya?"

"Sun tafi..."

"Su wa?"

"Jirginmu, Fikri! Sun tafi sun bar ni!"

"Ba zai yiwu ba. Sai katuna sun cika ake..." Ya tsaya. "Ina katinki?"

Ta sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba, ya ga amsar.

"Kwantar da hankalinki, hasken idona. Bari in kira su."

Ya zaro waya, ya yi magana da wani, ya ɗaga murya, ya sassauta, ya roƙa. Ruwa ya ja baya saboda hunturu, hanya ta matse, direban jirgi ya ce ko uwarsa aka bari ba zai juya ba. Sai dai a kai ta Aswan a mota.

"Shi ke nan, mota ce," in ji Fikri. "Kafin su isa kin..."

Wayar ta yi ƙara a hannunsa.

Ya duba. Ta ga yadda fuskarsa ta canza, ta leƙa.

Lambar babanta ce.

"Kada ka ɗauka!" Ta riƙe bakinta da hannu biyu. "Don Allah, don Annabi, kada ka ɗauka! Ka ce ba ka gan ni ba!"

"Shuruƙ..."

"Zai cire ni, Fikri! Ba ka san shi ba, zai cire ni kamar ba a haife ni ba!"

Ya dube ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya danna, ya buɗe muryar yadda za ta ji.

"Salamu alaikum, Hajji."

"'Yata tana wurinka?"

Ba gaisuwa, ba tsawa. Muryar a kwance, irin wadda Shuruƙ take tsoro tun tana yarinya.

Ta girgiza wa Fikri kai, hawaye na zuba, tana roƙonsa da ido.

"Tana gabana, Hajji. Lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne..."

Wani dogon numfashi ya fito daga wayar.

"Kada ta motsa daga garin nan. Ina zuwa."

Ƙit.

Shuruƙ ta sulale ta jingina da bango.

"Ka kashe ni."

"Da na yi masa ƙarya, da na kashe ki da gaske. Wa'il ya riga ya kira shi, zuciyata. In na ce ba kya nan, gobe a gano kina nan, wa zai ƙara yarda da bakina ko naki?"

Manajan jirgin ya matso yana murza hannu, mutum mai son a ce ya kyauta.

"Injiniya, akwai ɗakin da ba kowa a sama. 'Yar'uwarmu ta kwana, gobe a Edfu..."

"Ko zama ba za ta yi a jirgin nan ba," in ji Fikri. "Na gode."

Ya fitar da ita gaɓa, tsakiyar masu sayar da gyale da 'yan yawon buɗe ido, inda kowa ke ganin kowa. Ya saya mata zoɓo mai ɗumi, ya koma nesa da ita ya tsaya kamar mai gadi. Sai ya sake danna waya.

"Yo... kina gida? Ki bar komai ki zo bakin ruwa. Yanzu."

Da haka yake kiran mahaifiyarsa, da yarensu.

Rana na shirin faɗuwa keke mai ƙafa uku ya tsaya, wata doguwar tsohuwa ta fito cikin baƙar riga mai jan ƙasa, da zoben zinariya a kunne. Hajja Nabra ba ta ko kalli ɗanta ba. Ta kama haɓar Shuruƙ ta ɗaga.

"Ke ce kika hana min yaro cin abinci? To, ba laifi, da dalilinsa. Share hawayen, muna da ruwa a garin nan."

Fikri ya ba ta labari a gurguje. Ta saurara har ƙarshe.

"Yaushe jirginku zai tashi?"

"Bayan magariba. Amma ba zan bi su ba, Yo. Zan tsaya in fuskanci Hajji."

"Za ka bi su."

"Yo, ba zan bar ta..."

"Na ce za ka bi su! In ƙafarka ta taka layinmu kafin uban yarinyar nan ya zo, nemi wata uwar. So nake gari ya waye kana can wajen Edfu, da shaidu cike da jirgi."

Shuruƙ ta dubi Fikri. Mutum ɗaya ta sani a duk faɗin garin, shi ma za a ɗauke mata.

"Kada ka tafi... Fikri, tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji!"

Ya matso taku ɗaya ya tsaya, hannuwansa a bayansa kamar ya ɗaure su.

"Ni ma ina ji, ruhina. Amma gara in rasa ki da sunanki, da in same ki ana nuna ki da baki."

"In ya ce ba ni ba shi fa?"

"To kina da uwa a nan, kuma kina da ni har in mutu. Amma ba zan so ki rasa uba saboda ni ba. Ba za ki yafe min ba, ko kin ce kin yafe."

Jirgin ya yi ƙara. Fikri ya juya da sauri, don kada ta ga fuskarsa. Ta gani.

A cikin keke ta ja mayafi ta rufe fuska, ta dunƙule a lungu. Fatanta ɗaya, a shige da ita ta ƙofar baya, a kulle ta a ɗaki, kada ko kaza ta gan ta.

Hajja Nabra ta sa aka tsaya tun daga bakin layi.

"Sauko. Buɗe fuskar."

"Hajja, don Allah... mutane..."

"Su nake nema."

Ta riƙe hannunta, ta ɗaga murya yadda har masallaci sai da aka ji.

"Jama'a! Mun yi baƙuwa daga Tanta! Jirginta ya tafi ya bar ta! Sakina, fito! Ummu Salah, fito ki ga 'yar mutane!"

Ƙofofi suka fara buɗewa. Shuruƙ ta so ƙasa ta tsage ta shige. Gida-gida aka bi da ita, ana gaisawa, ana jajantawa, ana tsine wa jiragen zamani. Liman na fitowa daga sallah aka tare shi aka ba shi labari. Mai shago ma sai da aka ba shi.

Da suka shiga gida ta fashe da kuka.

"Kin tona min asiri, Hajja! Yanzu kowa ya san na kwana a gidansu Fikri!"

"Kowa ya san kin kwana a gidana. Da na shigo da ke a ɓoye, gobe mutum ɗaya ya ce ya hango, me za mu ce? 'Yata, ba mu yi abin ɓoyo ba, don haka ba za mu ɓoye ba. Zauna ki ci."

Kafin isha tsakar gida ta cika. Wannan ta kawo burodi mai zafi, waccan miyar kuɓewa, wata dabino. Sakina ta zo da tabarmarta da bargonta, Ummu Salah ma haka, har da matar liman. Nan za su kwana, ba wanda ya tambayi ra'ayin baƙuwa.

Wayar Hajja ta yi ƙara. Basant ce, ta samo lambar a wurin Fikri.

"Shushu! Shushu, kina raye? Na shiga uku! Barci ya kwashe ni, na farka na ga gadonki wayam! Na tambayi ɗan banzan nan Wa'il, wai ke kika ce ya miƙa katinki, wai kin zaɓi inda za ki kwana!"

"Haka ya gaya wa Baba?"

"Haka! Wallahi saura kaɗan in tsoma kansa a tukunyar miya, ma'aikata suka riƙe ni. Babanki ya ce mu same shi a Kom Ombo da safe, ya hau jirgin ƙasa. Shushu... ki yafe min. Ni na ce ki zo ki huta."

"Ya muryarsa take?"



"A kwance."

Daren nan Shuruƙ ba ta runtsa ba.

Hantsi ya ɗaga tana zaune a dakalin ƙofar gida, tsakanin Hajja da Sakina, rana na dukanta amma haƙoranta na haɗuwa. Sai ta hango shi.

Hajji Ra'afat ne tafe daga bakin layi, da babbar kwat ɗinsa ta sanyin Tanta, ba jaka, ba komai. Bayansa Wa'il da Basant, kowa ya ɗaure fuska.

Bai yi taku biyar ba mai shago ya tare shi.

"Kai ne baban baƙuwarmu? Marhaba! Ai jiya tun kafin magariba ta iso."

"Ba ta ci abin kirki ba," in ji wata daga taga. "Loma biyu, sai kuka."

"Ni na kwana a damanta," in ji matar liman. "Juyi kawai take yi, ta hana ni barci."

Hajji ya ratsa su. Ya iso, ya tsaya. Bai kalli 'yarsa ba, kuma wannan ya fi mari ciwo.

"Ina ɗanki?" ya ce da Hajja.

"Wa alaikumus salam, Hajji. Sannu da hanya."

Kunya ta ɗan kama shi. Ya yi sallamar da ya manta.

"Ɗana yana kan ruwa tun jiya da magariba, na kore shi. Ga waya, ga manajansu, ga liman can in kana son wanda ba ya ƙarya. Zauna."

Ya zauna a bakin dakali. Wa'il ya yi gyaran murya, ya durƙusa a gabansa.

"Baffa, abin da ya faru ya faru. Jininmu ɗaya. Ni na yafe mata, kuma a shirye nake in aure ta a hakan, in rufa wa gidanmu asiri."

"A hakan?" Basant ta zabura. "A wane hakan, munafuki? Baffa, wallahi shi ya..."

Hajji ya ɗaga hannu, ta haɗiye sauran.

Sai a lokacin ya juyo ya dubi Shuruƙ. Idanunsa sun faɗa, gemunsa ya yi furfurar da ba ta san da ita ba.

"Kin yi masa magana?"

Ga ƙofa a buɗe. Tana iya cewa ratsawa kawai ta yi, aka tafi aka bar ta, duk layin nan zai mara mata baya.

"Na yi, Baba."

Sakina ta ja numfashi.

"Wani ya tilasta ki?"

"A'a. Wa'il ya ce in je in yi sallama, ya karɓi katina ya ce zai jira ni. Amma ƙafata ce ta kai ni. Na karya alkawarinka... Ban gudu ba, Baba, wallahi ban gudu ba! Amma na yi masa magana, kuma ina son sa. Ko za ka cire ni, ba zan bari ka cire ni a kan ƙarya ba."

Ta rufe ido tana jiran kalmar.

Hajji ya juya ya dubi ɗan ƙaninsa.

"Wa'il."

"Na'am, Baffa."

"Kai ka miƙa katinta?"

"Ita ta... wato, na ɗauka ta..."

"Da jirgin zai tashi, ka san ba ta ciki?"

"Ai shi ya sa na kira ka nan take, Baffa! Don ka sani!"

"Nan take." Hajji ya gyaɗa kai a hankali. "'Yar baffanka tana gaɓa, a garin da ba ta san kowa ba, rana na faɗuwa, ba waya, ba ko sisi. Ba ka ce a tsaya ba. Ba ka sauka ba. Ka nemi wuri mai kyau ka zauna, ka kira ni."

"Baffa, mutuncin gida..."

"Wanda na kora ya nemo mata uwa. Kai da na zaɓa ka buga min waya."

Wa'il ya buɗe baki.

"Tashi ka koma jirginka, an biya maka abinci har jibi. Je ka ci."

Ya tashi yana karkaɗe gwiwa. Layin da ya yi wa Hajji marhaba bai ce masa ko sauka lafiya ba, Basant kuwa ta raka shi da tsaki mai tsawo.

Hajji ya zaro wayarsa. Ya daɗe yana kallonta kafin ya danna.

"Kana ina?"

Muryar Fikri ta fito tare da rurin inji. "Mun wuce Edfu, Hajji."

"Ka bar ta ka tafi."

"Na bar ta inda ba mai iya cewa komai a kanta. Hajji, laifin nawa ne. Da na juya baya da na gan ta, da ba ta tsaya ba. Duk abin da za ka yi, ka yi min, ita ka bar ta da ubanta."

"Da ka ce min ba ta wurinka, da ban sani ba sai yau."

"Da ka kwana ba ka san inda 'yarka take ba. Ba zan yi wa uba haka ba."

Hajji ya cire tabarau ya murza ido.

"Yaushe kake hutu?"

"Ranar Laraba muke sauke baƙi."

"Alhamis ka zo Tanta. Da mahaifiyarka, da mazan gidanku, a karanta Fatiha." Ya ɗan tsaya. "Ka wanke hannun nan kafin ka zo."

Ba a ji amsar Fikri ba, don guɗar da Hajja Nabra ta rangaɗa ta rufe komai. Sakina ta karɓa, matar liman ta karɓa, tagogi suka ɗauka har ƙarshen layi. Basant ta gwada tata, ta fito kamar kukan zakara mai mura, ta haƙura ta rungume Hajja tana kuka.

Shuruƙ ba ta motsa ba. Tsoron da ya kwana a cikinta bai san an sallame shi ba.

Matan suka ruɗe cikin gida neman sukari da kofuna. Dakalin ya rage daga ita sai shi.

"Baba..."

Ya cire kwat ɗinsa ya yafa mata.

"Ka yafe min alkawarin?"

"Yi shiru."

Ya dubi ƙasa.

"Da Wa'il ya kira ni ya ce jirgi ya tashi ba kya ciki... ban ji sauran maganarsa ba. Ruwan kawai nake gani. Ke ko a baho ba ki iya iyo ba." Muryar da ba ta taɓa rawa ba ta karye. "Sau uku ina danna lambar Fikri, yatsana na kuskurewa. Kin san addu'ar da nake yi?"

Ta girgiza kai, hawaye na sauka a kan kwat ɗin.

Ya jawo kanta ya ɗora a kafaɗarsa.

"Cewa nake, ya Allah... ka sa tana wurinsa."